Tusar Jaki Mai Dawowa: Shin Ƙwayoyin Homiyofati Na Maganinta?

A makarantun firamare da tsangayun Mashi, da wuya a rasa yaron da ke ɓoye hannu a aljihu saboda tusar jaki. Tsiro ne mai kaushi da ke fitowa a yatsa, a bayan hannu, a gwiwa ko a tafin ƙafa. Iyaye sun daɗe da dabarunsu: a ɗaure shi da zare ya bushe, a kai wa wanzami ya sa aska, ko a ɗiga masa ruwan tumfafiya. Sai ya ɓace, bayan 'yan watanni ya sake ɓullowa, wani lokaci ma da ƙannensa. Wanda ya gaji da wannan zagaye shi ne masu tallar homiyofati ke samu a Facebook da WhatsApp, da alkawarin 'yan ƙwayoyi farare da za su tumɓuke ciwon ba yanka ba ƙuna.

Dawowar tana da dalili. Ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa tusar jaki, kuma ire-irenta sun haura 100. Tana shiga ta 'yar kafar rauni ko tsagewar fata, irin wadda hunturu ke yi wa ƙafa, ta zauna a cikin fatar ta sa ta riƙa yin kauri. Aska da zare suna cire abin da ido ke gani, amma ƙwayar cutar na iya saura a fatar da ke gefe. Askar ma kan ɗauke ta ta shuka a wani wuri, ko a jikin yaro na gaba. Garkuwar jiki ce ke gamawa da ita, kuma tana yi: a cikin yara, kusan kashi biyu cikin uku na wannan tsiro kan ɓace da kansa cikin shekara biyu ba tare da an taɓa shi ba.

Wannan shi ya sa kowane magani ke samun shaidu. Duk abin da aka shafa ko aka sha a makon da tsiron ya faɗi, shi ke kwashe yabo.

Homiyofati ba maganin gargajiyarmu ba ne, ba kuma Islamik kemis ba ne. Wani likita Bajamushe, Samuel Hahnemann, shi ya ƙirƙiro shi a 1796, bisa ra'ayin cewa abin da ke jawo alamar ciwo ga mai lafiya zai warkar da irin wannan ciwo idan aka tsinka shi sosai. Ya bazu har Indiya, inda yake da kwalejoji da likitocinsa. Ga tusar jaki, abin da aka fi bayarwa shi ne Thuja, daga wani itace na Arewacin Amurka. Idan an ga 30C a jikin kwalbar, ma'anarsa an zuba ɗigo ɗaya cikin ɗigo 99 na ruwa ko sifirit, an girgiza, an ɗebi ɗigo ɗaya daga nan an sake zubawa cikin wani 99, haka har sau 30. Tun daga wajen karo na 12, ilimin sinadarai ya nuna da wuya ko ƙwara ɗaya ta asalin itacen ta rage. Da za a ɗiga ɗigo guda a madatsar ruwa ta Sabke, ruwan madatsar ya fi wannan haɗi ƙarfi nesa ba kusa ba. Abin da mai saye ke tsotsa a ƙarshe ƙwayar sukari ce.

An gwada homiyofati kuwa, kuma a kan wannan ciwo takamaimai. A 1992 wasu likitoci a Kebek ta ƙasar Kanada, ƙarƙashin Michel Labrecque, sun raba masu tusar jaki a tafin ƙafa su 174 gida biyu. Rukuni ɗaya ya sha Thuja da wasu haɗe-haɗe biyu na tsawon mako shida, ɗayan ya sha ƙwayoyin da ba komai a cikinsu, kuma babu wanda ya san abin da aka ba shi. Da aka ƙirga waɗanda suka warke, homiyofati bai fi ƙwayar banza ba. A 1996 an yi makamancin wannan gwaji da yara 60 a birnin Graz na Ostiriya, nan ma ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba. Hukumar binciken lafiya ta Ostareliya ta yanke a 2015 cewa babu ciwo ko ɗaya da ke da ingantacciyar hujjar homiyofati na warkar da shi, Faransa kuma ta daina biyan kuɗinsa a inshorar lafiya daga 2021.

Maganin asibiti ma ba sihiri ba ne. Man shafawa mai sinadarin salisilik, wanda ake samu a kemis, yana cin tsiron a hankali. Ana jiƙa wurin, a kankare matacciyar fatar, a shafa kullum, kuma yakan ɗauki har mako 12. Manyan asibitoci kan daskarar da shi da ruwan naitirojin mai tsananin sanyi, ko su ƙone shi da na'ura. Duk da haka yana iya dawowa, amma gwaje-gwaje sun nuna salisilik ya fi barin tsiron haka nan. Ba a sa shi a fuska ko al'aura, mai ciwon suga kuma kada ya taɓa ƙafarsa sai da izinin likita. Ruwan tumfafiya kuwa, idan ya shiga ido yana iya yin mummunar ɓarna.

Haɗarin ƙwayar sukari yana cikin lokacin da take cinyewa. Tusar jakin da ke yaɗuwa a jikin babban mutum tana ƙin jin magani na iya zama alamar garkuwar jiki ta yi rauni, har da ƙanjamau, wanda yau ake gwajinsa cikin mintuna. Tsiron da ke zubar da jini, ko yake sauya launi, ko ya zama gyambo, musamman ga tsoho ko zabiya, mai yiwuwa ba tusar jaki ba ne sam. Wanda ya fito a al'aura shi ma na likita ne, kuma allurar HPV da Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 kyauta a Oktoban 2023 tana kare su daga irinsa da kuma sankarar bakin mahaifa, ko da yake ba ita ce rigakafin tusar jakin hannu da ƙafa ba.

Uban da ke Mashi da ya ga ɗaya daga cikin waɗannan alamu, kuɗin motar zuwa asibiti mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ya fi masa amfani a kan kwalbar da aka aiko ta tasha.