Abin da ya kamata ku sani game da yadda ake auna matashin ɗan wasan besbol

Kulob 30 ne ke buga babbar gasar besbol ta MLB a Amurka da Kanada, kuma kowanne yana da ƙananan ƙungiyoyi da yake renon matasansa a cikinsu. Tun daga 2021 waɗannan ƙungiyoyi 120 ne, a matakai huɗu: Single-A, High-A, Double-A da Triple-A, baya ga gasar sababbin shiga. Saɓanin ƙwallon ƙafa, a nan ƙungiya ba ta hawa aji ko faɗowa. Ɗan wasa ne ke hawa shi kaɗai idan ya gamsar, kuma mafi yawan waɗanda ake ɗauka ba sa taɓa taka filin babbar gasar. To, yaya kulob yake gane yaron da zai zama gwarzo tun yana ɗan shekara 18? Tarihin Vladimir Guerrero ƙarami, na kulob ɗin Toronto Blue Jays, ya isa ya nuna mana yadda ake wannan aiki da kuma iyakarsa.

Me ake dubawa?

A besbol, mai jifa ne ke wurga ƙwallo, mai bugu ya make ta da sanda, sannan ya sheƙa da gudu domin ya zaga zango huɗu ya ci maki. Ga mai bugu, masu zaƙulo 'yan wasa suna auna baiwa biyar: iya samun ƙwallo da sanda, ƙarfin bugu, gudu, ƙarfin hannu wajen jifa, da iya tsaron fili. Kowace baiwa ana ba ta maki daga 20 zuwa 80. Maki 50 shi ne matsakaicin ɗan wasan babbar gasa, 60 ya fi na tsaka-tsaki, 70 gwani ne, 80 kuwa sai ɗaiɗaiku a duniya. Sau da yawa maki biyu ake rubutawa: inda yaron yake yau, da inda ake hasashen zai kai. A tsakanin waɗannan lambobi biyu ne duk gardamar take.

An haifi Guerrero a Montreal a 1999, ya tashi a Jamhuriyar Dominika, kuma mahaifinsa shahararren ɗan wasa ne da ya buga hom-ran 449, wato bugun da ƙwallo ke tsallake shingen fili. Toronto ta ɗauki yaron a 2015 yana da shekara 16, a kan dala miliyan 3.9. Kafin ya hau babbar gasa, masu auna matasa na MLB Pipeline sun ba shi 80 a iya bugu, makin da ba su taɓa ba wa kowa ba a wannan fanni kafin shi.

Me ya sa shekaru suke da muhimmanci?

Alƙaluman ƙaramar gasa ba su da ma'ana sai an san shekarun mai su da matakin da ya buga. Ɗan shekara 25 da ke ragargazar yara a Single-A bai nuna wani abin a zo a gani ba. Ɗan shekara 19 da ke riƙe wuta a Double-A kuwa dole a zuba masa ido, domin a can ne ake fara haɗuwa da masu jifa waɗanda suka iya lanƙwasa ƙwallo su ajiye ta inda suka ga dama.

A 2018, yana da shekara 19, Guerrero ya buga wa New Hampshire ta Double-A, inda akasarin abokan karawarsa suka girme shi da shekaru. A can ya yi nasara a kashi 40 cikin 100 na damar bugun da ya samu. A wasan da ake kiran mai kashi 30 gwani, wannan abin mamaki ne. Da aka haɗa dukkan matakan da ya buga a shekarar, har da Buffalo ta Triple-A, ya tashi da kashi 38 da hom-ran 20 a wasa 95.

Idon ɗan wasa ya fi ƙarfinsa faɗin gaskiya

Akwai alƙaluma biyu da ƙwararru suka fi amincewa da su. Na farko, sau nawa mai jifa ya fitar da yaron ba tare da ya buga ƙwallon cikin fili ba. Na biyu, sau nawa yaron ya yi haƙuri ya ƙyale munanan jifa huɗu har aka ba shi zangon farko kyauta. Matasa da yawa masu ƙarfi suna kai wa kowace ƙwallo duka, kuma da zarar sun hau sama aka gano lagonsu, shi ke nan. A 2017 an fi ba Guerrero zango kyauta fiye da yadda aka fitar da shi, a 2018 kuma lambobin biyu suka yi kusan kunnen doki. Wannan ya nuna yaro ne mai gane jifa tun tana barin hannun mai ita, kuma irin wannan ido yakan bi mutum har babbar gasa.

Yau na'urori sun shigo aikin. Ana auna saurin ƙwallo yayin da ta bar sanda, da kusurwar da ta tashi, da yawan juyawar da take yi a iska idan mai jifa ya sake ta. Duk da haka kulob ba su daina tura mutane filaye ba, domin na'ura ba ta faɗin yadda yaro ke karɓar gyara, ko yadda yake yi idan ya yi mako biyu abin bai karɓe shi ba.

Ina shakkun suke?

Rahoton kirki yana faɗin rauni kamar yadda yake faɗin baiwa. Game da Guerrero, an yi ta nuna damuwa kan nauyin jikinsa, da rashin gudu, da ko zai iya ci gaba da tsaron zango na uku, gurbin da yake tsarewa a lokacin. Wannan ba ƙaramin batu ba ne, domin darajar ɗan wasa tana da alaƙa da gurbin da yake tsarewa. Wanda ke riƙe gurbi mai wuya ana iya yi masa uzuri idan bugunsa matsakaici ne, amma mai tsaron zangon farko sai ya yi bugu na fitar hankali kafin ya biya kuɗinsa.

Shakkun sun tabbata. Ya fara babbar gasa ranar 26 ga Afrilu 2019, ya ƙare shekarar da hom-ran 15 kacal, yana yawan buga ƙwallo a ƙasa maimakon ya ɗaga ta. A 2020 aka mayar da shi zangon farko, wasu har suka fara cewa an zuzuta shi. Ya rage ƙiba, ya dawo a 2021 ya buga hom-ran 48, ya zo na biyu bayan Shohei Ohtani a zaɓen gwarzon shekara na rukuninsu. A 2025 Toronto ta ba shi kwantiragin shekara 14 a kan dala miliyan 500. Masu auna shi sun yi daidai a kan baiwarsa da rauninsa, sai dai babu wanda ya iya faɗin lokacin da zai nuna.

Hasashen yakan kuskure?

Ƙwarai kuwa, ta kowane ɓangare. Brien Taylor, mai jifa da New York Yankees ta ɗauka na ɗaya a zaɓen matasa na 1991, ya ji rauni a kafaɗa a 1993, bai taɓa buga babbar gasa ba. Masu jifa sun fi kowa shiga wannan haɗari, domin gwiwar hannu da kafaɗa ba su da tabbas. Mike Piazza kuma sai a zagaye na 62 na zaɓen matasa Los Angeles Dodgers ta ɗauke shi a 1988, amma ya yi ritaya da hom-ran 427, aka saka shi cikin zauren gwarazan wasan a 2016. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, kuma a kan Guerrero maganar ta tabbata, amma Taylor da Piazza sun isa su hana mu rantsuwa.

Don haka, idan kuka ji ana yayata wani matashi, ku yi tambaya huɗu: shekarunsa nawa, a wane mataki yake bugawa, yana iya bambance jifa mai kyau da marar kyau, kuma wane gurbi zai iya tsarewa nan da shekara biyar? Idan amsoshin suka yi kyau, ku ba shi aƙalla shekara biyu ko uku a babbar gasa kafin ku yanke masa hukunci.