Kalmar "Asiri" a Littafi Mai Tsarki: Wata Matsalar Fassara Daga Nguru da Gashuwa

A wannan maƙala ina so mu dubi kalma guda ɗaya tak, wato "asiri", mu ga irin nauyin da aka ɗora mata sa'ad da aka fassara littafin Kiristoci zuwa Hausa. Na ɗauki Nguru da Gashuwa a matsayin misali ne saboda a garuruwan nan biyu na arewacin Jihar Yobe, Hausa harshen haɗuwa ce. Nguru ƙasar Mangawa ce, Gashuwa kuwa hedikwatar masarautar Bade. Tun da layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, ma'aikata da 'yan kasuwa suka riƙa kwararowa, cikinsu har da Kiristoci daga kudu da tsakiyar Nijeriya. Da yawa daga Kiristocin da asalinsu Arewa ne da Hausa suke ibada, ko da kuwa ba ita suka tsotsa a nono ba. Maƙwabcinsu Musulmi ma da Hausar yake jin abin da lasifikar cocin ke faɗa. To, me kowannensu ke fahimta idan mai wa'azi ya ambaci asirin Almasihu?

Mu fara da asalin maganar. An rubuta Sabon Alkawari da Girkanci, kuma kalmar da ke wurin ita ce "musterion". Ta fito sau 27 ko 28, mafi yawa a wasiƙun Bulus. Saɓanin ƙirgar ya samo asali ne daga 1 Korantiyawa 2:1, inda wasu tsofaffin rubuce-rubucen hannu ke da "musterion", wasu kuma "marturion", wato shaida. Haruffa kaɗan ne suka raba su, aikin masu kwafe ke nan. A tsohuwar Girka kalmar na nufin ibadar ɓoye, irin ta garin Elusis, wadda ba a yarda wanda aka shigar ya faɗa wa bare ba. Amma Bulus bai bi wannan ma'ana ba. Ya fi kusa da littafin Daniyel sura ta 2, inda mafarkin Sarki Nebukadnezzar ya gagari bokaye sai da Allah ya sanar da annabinsa. A Romawa 16:25-26, da Afisawa 3, da Kolosiyawa 1:26-27, abin da yake nufi shi ne wani shiri na Allah da ya daɗe a rufe, wanda hankalin ɗan Adam ba zai gano shi da kansa ba, amma yanzu an buɗe shi. A bisa aƙidar Kirista, shirin shi ne cewa ceto ta wurin Almasihu bai tsaya ga Yahudawa ba, sauran al'ummai ma magāda ne tare da su. Ke nan asiri ne da aka umarci a yi shelarsa.

Masu fassara sun daɗe suna kokawa da Hausa a wannan fage. J. F. Schön ya fitar da Sabon Alkawari a 1880. Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na mishan ɗin Zariya ya jagoranta, sannan aka yi sabuwar fassara wajen ƙarshen shekarun 1970, wadda a cikinta za a ga "asiri" a waɗannan ayoyi.

Kalmar aro ce daga Larabci. "Sirr" ya shigo mana ta ƙofa biyu: ba tare da "al" ba ya zama "sirri", tare da ita kuma (as-sirr) ya zama "asiri". Barebari ma suna da "ashir" daga tushe guda, don haka kunnen Bamange ba baƙo ba ne gare ta. Sai dai bayan shigowarsu, tagwayen nan sun raba hanya. Sirri ya tsaya kan abin da ba a so a sani. Asiri kuwa ya tara 'ya'ya. Idan aka ce an yi wa wance asiri, kowa ya san sammu ake nufi, aikin boka. Wannan ce matsala ta farko, kuma ba ƙarama ba ce: mai wucewa da ya tsinci kalmar daga lasifika yana iya tafiya da zaton tsafi ake koyarwa a ciki. A jihar da ta sha fama da rikicin Boko Haram, inda zargi tsakanin maƙwabta ya yi tsada, irin wannan kuskuren fahimta ba abin wasa ba ne.

Matsala ta biyu ita ta fi jan hankalina. A tunanin Bahaushe, alherin asiri yana cikin rufuwarsa. Addu'armu ta kullum ita ce Allah ya rufa asiri. Magidancin da ke ciyar da iyalinsa ba tare da roƙo ba, mai rufin asiri ne. Aure ma rufin asiri ne, haka sutura. Ranar da asirin mutum ya tonu kuwa, ranar kunya ce. Bulus kuma yana murna ne da cewa asiri ya fito fili. Al'adu biyu sun yi hannun riga a kan kalma ɗaya.

A ganina, abin da ya ceci fassarar shi ne aikatau da aka haɗa kalmar da shi. Ba a ce an "tona" asirin ba, an ce an "bayyana" shi. Tono na maƙiyi ne ko ɗan sanda, ana yin sa ba da son mai abu ba, kuma abin da ake tonowa aibi ne. Bayyanawa kuwa mai abu ne ke yi da kansa, a lokacin da ya ga dama. Wannan ya dace da Girkancin, inda "apokalupto" ke nufin yaye murfi. Ku gwada musanya aikatan biyu a jimla ɗaya, za ku ga yadda bishara ke komawa fallasa nan take.

Wani zai ce me ya hana a yi amfani da "sirri", tunda ba ya ɗauke da warin boka, kuma fassarar Larabci ta Van Dyck ta 1865 "sirr" ta sa? Ni ma na fi karkata can ta fuskar guje wa ruɗani. Amma sirri a bakinmu ya fi kama da maganar mutum biyu a ɗaki, ba shi da zurfin nan na abin da ya fi ƙarfin sani, wanda muke ji idan aka ce asirin sana'a ko asirin halitta. Wanda zai yi kundin digiri a kan wannan, sai ya je Gashuwa da rikoda, ya tambayi Babade da Bamange da Bahaushe, Musulmi da Kirista, abin da ke fara zuwa ransu idan aka furta kowace daga cikin kalmomin biyu.