Sarkin Ruwa da Kifin Matan Fada

A makaranta ana raba abin da ke cikin gulbi gida biyu: masu rai, irin su kifi da kada da ciyawa, da marasa rai, wato ruwa da laka da zafin rana. Masuntan Argungu sun daɗe da sanin wanne ke gaba. A wurinsu ruwa ke juya kifi, shi ya sa babbar sarautar gulbi sunanta Sarkin Ruwa.

Da damina Gulbin Kabi, wanda ya haɗa ruwan Rima da na Sakkwato, yakan cika ya malale fadama tun daga Argungu har gindin Birnin Kebbi. Nan tarwaɗa da karfasa ke bin ruwa cikin ciyayi su yi ƙwai, ambaliya kuma ta bar sabuwar laka da shinkafa ke so. Idan kaka ta wuce ruwa ya fara janyewa, kifi ya tattaru a gurabe masu zurfi. Gaiwa kuwa ba ta bin ruwan. Takan tona laka ta kwanta, ƙasa ta bushe a kanta, sai ruwan wata shekara ya tashe ta.

A kan wannan kaiwa da komowa aka gina al'ada. Matan Fada, wani sashe na gulbin a Argungu, a hane yake duk shekara, ba mai jefa koma sai ranar bikin kamun kifi. Kafin ranar ana yin gyaran ruwa, Sarkin Ruwa ya duba gulbi, kuma Kabawa sun yi imani shi ke sa kadoji su kauce har taro ya watse. Mai karatun zamani na iya ɗaga gira a nan, amma hanin kamun kansa ba camfi ba ne: shi ke ba giwan ruwa shekarun da zai yi ƙiba. Sai Sarkin Ruwa ya ba da izini, sannan dubban masunta su ruga cikin ruwa, kowa da komarsa ta hannu da ƙaton gora, wanda shi ne abin hawansa kuma ma'ajiyar kifinsa. Homa, shugaban masuntan Argungu, yana daga cikin masu tsare wannan tsari. Kayan aikin ma ƙa'ida ne, don komar hannu ba ta share gulbi kakaf.

Bikin a yadda aka san shi yau ya soma ne a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu bayan tsohuwar gabar da ke tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ake adanawa. A 2005 kifin da ya ci gasa ya kai kilo 75, amma a shekarar da ta biyo baya ruwa ya yi ƙasa har aka dakatar da kamun.

Abin da ya fi damun masunta ke nan. Tun da aka gina madatsar Bakolori a 1978, sannan ta Goronyo a 1984, ambaliya ta daina zuwa yadda kakanni suka saba lissafa ta. Wata shekara ba ta kai tsoffin wuraren ƙwai ba, wata kuma ta zo da ƙarfi, kamar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa masu yawa a Kebbi. Ga injinan ban ruwa da ke zuƙar gulbi da rani, ga taki da maganin ƙwari da ke gangarowa daga gonaki. Sarkin Ruwa na da ikon hana masunci shiga Matan Fada, amma ƙofofin Goronyo suna hannun Hukumar Raya Kogin Sakkwato da Rima.