Gina ƙauye ko kutsa kogo: Wane gem ne ya fi dacewa da wayar ɗan Zamfara?

A farkon watan Satumban 2021 ne hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su katse layukansu a faɗin jihar Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, amma sauran yankuna irin su Tsafe da Bungudu da ƙauyuka kamar Kekun Waje sai ƙarshen Nuwamba.

Babbar asarar ta faɗa wa 'yan kasuwa da masu POS da iyalan da suka kasa jin muryar 'yan uwansu. Sai dai masu buga gem a waya su ma sun koyi darasi a lokacin: wasu wasannin sun ƙi buɗewa, wasu kuwa ko a jikinsu.

Wasannin gina ƙauye su ne irin Clash of Clans da Hay Day, waɗanda kamfanin Supercell na ƙasar Finland ya fitar a 2012, da kuma Township na kamfanin Playrix. Mai wasa yana shuka, yana girbi, yana kafa gine-gine, sannan ya jira. Ba sa buƙatar saurin yatsa, shi ya sa ake musu kallon wasan hutu.

Amma ƙauyen ba a cikin waya yake zaune ba, yana can a kwamfutocin kamfanin. Clash of Clans da Hay Day ba sa buɗewa sai da intanet. A Clash of Clans, ko mai ƙauye ba ya kan layi, wasu na iya kai masa hari su kwashe zinaren da ya tara. Wanda ya yi makonni babu sabis ya rasa yaƙe-yaƙen ƙungiyarsa, kuma shugaban ƙungiyar na iya cire shi ba tare da sanin abin da ya riƙe shi ba.

Akwai kuma batun kuɗi. Yayin da ƙauye ke girma, gini ɗaya kan ɗauki kwanaki kafin ya kammala, sai gem ɗin ya yi tayin sayar da lu'ulu'u domin a tsallake jiran. Daga nan kamfanin ke samun riba. Datar da ake ci a zama ɗaya ba ta da yawa, amma leƙawa sau da dama a kullum kan taru, ga shi a Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin har kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data.

Wasannin kutsa kogo kuwa da yawansu sun samo asali daga Rogue na 1980. Jarumi yana shiga ƙarƙashin ƙasa, yana bi ɗaki-ɗaki, yana faɗa da dodanni, yana tsintar makamai. A nan ne zaɓin ya rabu gida biyu. Diablo Immortal, wanda Blizzard da NetEase suka fitar a 2022, yana cin gigabait da dama a ma'adanar waya, ba ya aiki sai da intanet, kuma yana ɗumama waya ya zuƙe batir. Ƙaramar itel ko tsohuwar Tecno ba za ta ji daɗinsa ba.

Ƙananan 'yan uwansa ba haka suke ba. Soul Knight na kamfanin ChillyRoom, wanda ya fito a 2017, ana buga shi ba tare da data ba. Shattered Pixel Dungeon, wanda Evan Debenham ke kula da shi tun 2014, kyauta ne a Play Store, ba shi da nauyi, kuma babu talla a cikinsa. Shi bi da bi ake yi, dodo ba ya motsi sai mai wasa ya motsa, don haka ana iya ajiye waya a tafi masallaci a dawo a tarar da komai yadda aka bar shi. Tsadarsa ɗaya ce: idan jarumi ya mutu, an koma farko.

Wato wasan da ake kira na hutu shi ne ya fi neman sabis da lokaci da kuɗi, wanda ake ganin na tashin hankali kuma wani lokacin shi ya fi sauƙin riƙewa. Mazaunin Gusau mai sabis da wurin caji a kusa zai iya riƙe ƙauyensa, ya more zumuncin ƙungiya. Wanda ke kai waya shagon caji, ko yake hawa tudu neman sabis, ƙaramin gem ɗin kogo ya fi masa. Mai son noma babu intanet kuma akwai Stardew Valley, amma saye ake yi.

Kafin a saba da kowane gem, gwajin ba shi da wuya: a sauke shi, a kashe data, a sake buɗewa. Idan ya tsaya yana neman layi, ranar da sabis ya ɗauke shi ma zai ɗauke.