Kalmar Sirri Ba Ta Ɓoye Gidanka

Akwai wata magana da na gaji da jin ta a bakin masu ganin sun san kan intanet. Wai tunda sun sa wa Wi-Fi ɗin gida kalmar sirri mai tsawo, sun kuma kashe GPS a wayarsu, ba mai iya sanin inda suke. Jama'a, ba haka abin yake ba, kuma masu yaɗa wannan zance cutar mutane suke yi.

Kalmar sirri tana hana maƙwabci shan datarka da leƙen abin da kake aikawa, iyakarta ke nan. Ita kuwa rauta, wato na'urar da ke watsa Wi-Fi ɗin, dare da rana tana shelar sunanta da wata lambar shaida tata ita kaɗai, wadda ake kira BSSID, kuma wannan shela a buɗe take ga kowa. Ƙofa ka garƙame, amma lambar gidan tana nan ɓaro-ɓaro a jikin katanga. Duk wayar zamani da ta gifta layinku, ta ɗan acaɓa ce ko ta mai kai saƙo, tana iya jin lambar, ta haɗa ta da inda take tsaye, ta aika wa Apple ko Google. Da taswirar da ake haɗawa ta haka ne wayoyi ke gane wuri a cikin ɗaki inda GPS ba ya kamawa. To ka ga kashe naka bai tsinana komai ba, tunda wayoyin wasu ne suka kai rahoton.

Kada a ce ai kamfanonin kaɗai ke gani. A 2024, Erik Rye da Dave Levin na Jami'ar Maryland a Amurka sun nuna cewa kowa na iya tambayar rumbun Apple inda wata lamba take, ba tare da rajista ba, ya ba shi amsa har da gyaran wasu rautoci kusan 400 na kewaye. Cikin shekara guda suka tattara wuraren rautoci sama da biliyan 2. Sun bi sawun na'urorin Starlink a fagen yaƙin Yukiren, sun kuma ga yadda rautocin Gaza suka riƙa ɓacewa. Masu bincike ne, da kyakkyawar niyya. Mugu fa?

Abin tsoron shi ne lambar tana bin na'urar duk inda aka kai ta. Matar da ta gudu daga mijin da ke dukanta, ta ɗauki rautar ta tafi da ita, ko ɗan jaridan da ya sauya gari saboda barazana, ko mai yawo da MiFi daga Kano zuwa Abuja: wanda ya taɓa sanin lambar yana iya gano sabon masaukinsu da zarar na'urar ta kwana biyu a wurin. Batun gane motsin jikin mutum ta siginar Wi-Fi ma gaskiya ne, an gwada a Jami'ar Carnegie Mellon, amma batun lambar ya fi kusa da kowa.

To mene ne mafita? Ka shiga saitin rautar ka ƙara _nomap a ƙarshen sunan Wi-Fi ɗin, don kada a sa ta a taswirar. Google yana mutunta wannan alama tun 2011, Apple ya bi sahu a 2024. Ka cire sunanka, lambar wayarka ko sunan unguwarku daga sunan Wi-Fi. Don Allah me ya kai ka? Akwai shafin WiGLE inda ake neman Wi-Fi da sunansa a ga inda yake a taswira. Kada ka tura hoton takardar da ke manne a ƙasan rautar, lambobinta suna jiki. In tafiya za ka yi, hotspot ɗin wayar zamani ya fi MiFi rufin asiri, domin yawancinsu suna sauya lambar. Wadda kuwa ta bar gida don tsira da ranta, ta bar tsohuwar rautar a can, ta sayi sabuwa.