FASHIN BAƘI: Tallafin Tarayyar Turai a Jigawa: Daga ina kuɗin ke tasowa, a hannun wa aikin ke ƙarewa?

Duk wanda ya saba ratsa ƙauyukan Jigawa ya san allon nan da ake kafawa a gefen famfon tuƙa-tuƙa ko tankin ruwa mai aiki da hasken rana. A jikinsa akan ga tambarin gwamnatin jiha da na UNICEF, wani lokaci kuma da wata shuɗiyar tuta mai taurari 12, wato tutar Tarayyar Turai. Mutanen gari kan taƙaita zancen da cewa "Turawa ne suka yi". Sai dai kafin kuɗin da aka ware a birnin Brussels na Beljiyam su zama ruwa a bokitin wata baiwar Allah, sukan bi ta hannaye da dama. Sanin waɗannan hannaye shi zai nuna wa matashin Karkarna ko Roni ko Gwiwa ƙofar da zai ƙwanƙwasa ranar da famfo ya daina kawo ruwa.

Asalin hulɗar

Dangantakar ta samu gindin zama ne da Yarjejeniyar Lome ta 1975, tsakanin ƙasashen Turai da rukunin ƙasashen Afirka da Karibiyan da yankin Pasifik. A 2000 Yarjejeniyar Kwatano ta maye gurbinta, sannan a ranar 15 ga Nuwamba, 2023 aka buɗe sa hannu a kan Yarjejeniyar Samoa, wadda ta haɗa ƙasashe 27 na Turai da 79 na wancan rukuni, har tsawon shekara 20. Najeriya ta sa nata hannun ranar 28 ga Yuni, 2024.

Tun can baya siyasa ba ta rabu da tallafin ba. Lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da abokan fafutikarsa takwas a Nuwamban 1995, Turai ta dakatar da haɗin gwiwar raya ƙasa da Najeriya, ba ta dawo da shi ba sai a 1999. Haka ta yi wa Nijar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023, inda ta tsayar da tallafin da take zubawa a kasafin kuɗin ƙasar.

Yadda kuɗin ke tafiya

Har zuwa 2020, kuɗin na fitowa ne daga Asusun Raya Ƙasashe na Turai, wanda ƙasashen Tarayyar ke yi wa karo-karo. Daga 2021 aka mayar da su cikin kasafin kuɗin Tarayyar kanta. A Abuja, ma'aikatar kasafin kuɗi da tsare-tsare ce ke wakiltar Najeriya wajen sa hannu. Amma ba kasafai ake miƙa kuɗin ga baitulmalin gwamnati kai tsaye ba. Akan damƙa su ga hukumomi irin su UNICEF ko Bankin Duniya ko kamfanonin ƙwararru, su kuma su yi aiki da hukumomin jiha.

Jigawa na cikin jihohi shida da Tarayyar ta fi mayar da hankali a kansu a fannin ruwa, tare da Kano, Yobe, Anambra, Kuros Riba da Osun. A ƙarƙashin shirin gyaran fannin ruwan sha da tsaftar muhalli mai suna WSSSRP, wanda Tarayyar ta ware wa kashinsa na biyu Yuro miliyan 80, UNICEF ce ta kula da ɓangaren karkara tare da hukumar RUWASSA ta jiha. Waɗannan jihohi ne kuma suka amfana da shirin SLOGOR na gyaran sarrafa kuɗin gwamnati, wanda Bankin Duniya ya gudanar da kuɗin Turai.

Abubuwa biyu ya kamata a lura da su. Na farko, irin waɗannan shirye-shirye ba sa game dukkan ƙananan hukumomi 27 na jihar. Akan zaɓi kaɗan a yi gwaji a cikinsu, da fatan gwamnati za ta kwaikwayi tsarin da kuɗinta a sauran. Na biyu, akan gindaya sharaɗin cewa jiha da ƙaramar hukuma su zuba nasu kason, mutanen gari kuma su kafa kwamitin da zai kula da famfon. In kason gida ya makara, aikin ma sai ya makara.

Ba kuma kowane tallafin Turawa ne na Tarayyar Turai ba. Shirye-shirye irin su SHAWN na tsafta da ESSPIN na ilimi kuɗin Birtaniya ne, ita kuwa ta fice daga Tarayyar a Janairun 2020. Matsayin da Jigawa ta samu a Oktoban 2022, na jihar farko a Najeriya da aka ayyana ta rabu da yin bahaya a fili, ya samu ne da haɗuwar hannun gwamnati, UNICEF, masu tallafi daban-daban, masu unguwanni da magidantan da suka haƙa masai a gidajensu.

Me Turai ke nema?

Hausawa na cewa kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Turai na da buƙatunta, kuma ba ta ɓoye su ba. Ta farko ita ce rage kwararar baƙin haure. A taron Valletta na Nuwamban 2015 ta kafa asusu na musamman don wannan, kuma Yarjejeniyar Samoa ta ɗora wa kowace ƙasa alhakin karɓar 'yan ƙasarta da aka samu suna zaune a wata ba bisa ƙa'ida ba. Wannan ya shafi matasan yanki irin Babura, mai iyaka da Nijar, ƙasar da hanyar Agadas zuwa Libiya ta ratsa.

Ta biyu kasuwa ce. An kammala tattauna yarjejeniyar cinikayya tsakanin Turai da Afirka ta Yamma a 2014, amma Najeriya ta ƙi sa hannu, saboda fargabar kayan Turai su durƙusar da masana'antun gida. Ta uku makamashi, domin Turai na cikin manyan masu sayen iskar gas ɗin Najeriya.

Duk da haka, da muhawara ta ɓarke a Yulin 2024, ba a kan waɗannan aka yi ta ba. An yaɗa cewa Najeriya ta amince da auren jinsi don karɓar dala biliyan 150. Gwamnati ta musanta, Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya ma ta ce babu wannan sharaɗi a cikin takardar, dokar 2014 da ta haramta auren jinsi kuma tana nan daram. Gaskiya ne akwai kalamai a kan daidaiton jinsi da lafiyar haihuwa waɗanda malamai ke da damar neman a fayyace ma'anarsu. Amma ƙurar da ta tashi ta rufe batun mayar da baƙin haure da na cinikayya, waɗanda ke rubuce ƙarara.

Inda aikin ke ƙarewa

Kowane shiri na da wa'adi. Ranar da ya cika, motocinsa da ma'aikatansa sun tafi, famfo ya zama na gari. Roba takan cinye, bututu yakan tsage, injin tura ruwa yakan ƙone. Gyaran ba na Brussels ba ne, na kwamitin gari ne da sashen ruwa na ƙaramar hukuma. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci ranar 11 ga Yuli, 2024 cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, hujjar tuhumar shugabanninsu a kan wannan ta ƙara ƙarfi.

Lokaci ma ba ya jira. Amurka ta rusa hukumar USAID a 2025, Birtaniya kuma ta sanar da ƙara zaftare tallafinta. Ita kanta Turai tana karkata zuwa zuba jari da lamuni a ƙarƙashin shirinta na Global Gateway.

Saboda haka matashin 'Yankwashi ko Kazaure na da tambayoyin da zai kai wa kansilansa da ɗan majalisarsa: Nawa aka ware wa gyaran famfuna a kasafin bana, nawa aka saki? Jiha ta biya kasonta a shirye-shiryen da ke gudana? Da wane ma'auni ake zaɓen garuruwan da za su amfana? Kyauta ce ko bashi? Kasafin kuɗin jiha takarda ce ta jama'a, kuma ba sai da izinin kowa ake karanta ta ba. Tallafi na iya haƙa rijiya, amma guga da igiya na masu gari ne. Guntun gatarinka, in ji magabata, ya fi sari ka ba ni.