Daga Wudil zuwa Jidda: Sa'o'i nawa maniyyaci ke yi a sama?

Maniyyacin da ya baro Wudil, wadda ke kimanin kilomita 40 daga Kano, ba ya cika sa'a guda kafin ya shiga birnin idan hanya ta yi kyau. Tambayar da ya fi yi kuwa ita ce tsawon lokacin da jirgi zai ɗauka kafin ya sauke shi a ƙasa mai tsarki.

Amsar ba ɗaya ba ce, domin nisa bai canzawa, amma lokacin tafiya yana canzawa.

Tsakanin filin jirgin saman Malam Aminu Kano da na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda akwai tazarar kimanin kilomita 3,400, idan aka bi miƙaƙƙiyar hanya ta sararin samaniyar Chadi da Sudan, aka tsallake Bahar Maliya.

Manyan jiragen fasinja kan yi gudun kusan kilomita 850 a cikin sa'a guda. Ke nan a lissafi tafiyar sa'o'i huɗu ce, amma idan aka haɗa da lokacin tashi da sauka da kuma jiran izinin jami'an filin jirgi, takan kai sa'o'i huɗu da rabi zuwa biyar. Iska ma na da tasiri: idan tana bin bayan jirgi tafiya kan yi sauri, idan kuwa tana fuskantarsa sai ta ja.

Sai dai babban abin da ke sauya lissafin shi ne hanyar da aka bi. Bayan ɓarkewar yaƙi a Sudan cikin watan Afrilun 2023, an rufe sararin samaniyar ƙasar, abin da ya tilasta wa jiragen alhazan Najeriya kewayawa ta wasu ƙasashe. Tafiyar ta ƙaru da kamar sa'o'i biyu, kamfanonin jiragen kuma suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera, saboda man da za su ƙona.

Akwai kuma batun agogo. Saudiyya na gaban Najeriya da sa'o'i biyu. Jirgin da ya bar Kano da ƙarfe 10 na dare ya yi sa'o'i biyar a sama, zai sauka ne da ƙarfe 5 na asuba agogon Jidda, alhali a Wudil ƙarfe 3 na dare ne. Wannan bambanci kan rikita iyalan da ke jiran waya a gida.

Sauka a Jidda ba ita ce ƙarshen tafiya ba, tun da babu filin jirgin sama a Makka. Tsakanin Jidda da Madina kuwa, tazarar ta sama ta ɗan haura kilomita 300, jirgi kuma kan ɗauki kusan sa'a guda. Tun 2018 akwai jirgin ƙasa mai sauri na Haramain da ya haɗa biranen uku.

Kafin zuwan jiragen sama dai, alhazan ƙasar Hausa kan shafe watanni, wasu ma shekaru, suna ratsa Chadi da Sudan a ƙafa ko a kan dabbobi, kafin su isa gaɓar Bahar Maliya.